Tabo a Gefen Wata

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe 5:10 na yamma

Dutsen guga na fita saye, na dawo da bututu.

A shagon kayan gwanjo na bayan tasha na gan shi, jingine a lungu tsakanin wata fanka marar kai da keken yara. Fari ne, tsawonsa ya kai ƙirjina, kaurinsa kamar bokitin fenti. Na leƙa ciki sai na hangi fuskata can ƙasa, ta kumbura. Madubin hangen taurari ne. Mai shagon ya ce shekara biyu ke nan ba wanda ya taya. Ba ƙafafu, ƙaramin madubin da ke wuyansa yana lilo, babban na gindi ya yi ƙura kamar an tono shi daga rami.

"Hajiya, ba da rabi ki raba ni da shi, ya tare min wuri."

Na ba da rabi. Shekara ashirin da huɗu ina ɗakin gwaji a asibiti, sunkuye a kan madubi ina farautar abin da ya fi ƙura ƙanƙanta a cikin jinin mutane. Na ce bari ko sau ɗaya in kalli abu babba.

Kafinta, mijina, yana tsakar gida yana goge ƙofar wani da sanfefa lokacin da na shigo rungume da shi. Ya ajiye sanfefar.

"Likita, da wa za mu yi yaƙi?"

Tun daga nan sunan abin ya zama Igwa.

Baba ya jiyo dariyarmu daga ɗakinsa ya ce a kawo masa. Shekara goma sha shida rabon mahaifina da gani, kuma tun rasuwar Inna yake wurinmu. Ya shafa bututun daga baki har gindi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Uwata, wannan ai ganga ce." Na ce wata za mu gani da ita. Ya ce to idan na gan shi in gaishe shi, an kwana biyu.

Litinin, 4 ga wata, 7:30 na yamma

Na kwance babban madubin. Noti shida, biyu sun yi tsatsa, sai da Kafinta ya ɗiga musu mai. Na yi alama da alƙalami a jikin bututun don in san yadda zan mayar.

Na jiƙa shi a baho da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu ɗaya. Ba a gogewa, jan audugar ake yi a hankali da nauyin kanta, a jefar, a ɗauki sabuwa. Na ɗauraye da tataccen ruwa, na jingine shi a gefe ya tsane. Ƙurar ta tafi. Akwai ƙananan ɗigo uku a baki inda azurfar ta ci, sauran kuwa tas.

Dogo, abokin aikina, ya ce da kuɗin gara na sayi akuya.

Alhamis, 7 ga wata, 6:45 na yamma

Ƙaramin madubin ya zauna. Ɗigon gam uku, tsinken ashana a tsakani don kada ya manne ƙam, kwana ɗaya yana bushewa a saman kabad inda kyanwa ba ta kaiwa.

Kafinta ya ce ba zai yi wa Igwa ƙafafu uku ba, iska za ta kayar da ita. Akwati yake haɗa mata da ragowar katakon kabad, mai juyawa a kan faifai, da murfin bututun ruwa biyu a gefe don ta riƙa ɗaga kai da sunkuyarwa. Yana aunawa yana mita wai masu biyansa suna jira. Ban taɓa ganin ya auna ƙofar kowa sau uku ba.

Lahadi, 10 ga wata, 4:20 na yamma

Mun hau da ita sama, kusa da tankin ruwa. Matakala goma sha huɗu, shi da akwati, ni da bututu.

Na daidaita madubai biyun kamar yadda hotunan ɗan littafin da ya zo da ita suka nuna: murfin kwalbar magani da na huda a tsakiya, in leƙa, in juya noti, in sake leƙawa, har da'irori suka shiga cikin juna. Sannan na saita ta kan eriyar wani bene mai nisa, tunda da rana ake fara gwaji.

Eriyar ta fito a kife, ƙasa a sama. Littafin ya nuna haka ake yi. Har tsuntsu na gani a kanta yana reto da kai a ƙasa, na yi ihu kamar yarinya.

Sai dai akwai wani dishi-dishi a gefen hagu ta sama. Ba baƙi ba ne. Kamar wurin babu komai kawai. Wayar eriyar tana tafiya, ta ɓace, ta sake fitowa can gaba.

Ina jin yatsana ne ya taɓa gilashin leƙawa. Gobe zan goge.

Talata, 12 ga wata, 7:50 na yamma

Wata rabi, tun kafin duhu ya gama shiga.

Ban san yadda zan rubuta ba. Ramuka a cikin ramuka, duwatsu da inuwarsu a kwance, wani dogon tsagi kamar an ja wuƙa a kan kullu. Yana tafiya a hankali yana fita daga gilashin, sai na tura bututun da yatsa in biyo shi. Akwatin Kafinta yana juyawa sumul ba ƙara.

Tabon yana nan. Ya cinye gefen watan.

Na ce, "Baban yara, zo ka ga inda madubin ya lalace. Sama ta hagu."

Ya sunkuya ya daɗe. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Ya ƙara daɗewa.

"Ka ga tabon?"

"Wane tabo?"

"Sama ta hagu. Inda ya gutsure."

"Likita, ni dai cikakken rabi nake gani, kamar an yanka da zarto."

Na ce bai iya kallo ba ne. Na ce mutumin da bai taɓa sa ido a madubi ba bai san abin da zai nema ba. Ya ce haka ne, ke ce gwana. Ya ci gaba da kallonsa.

Na sauko na bar shi a can. Na ce sauro.

Laraba, 13 ga wata, 6:05 na safe

Na sake wanke madubin.

Alhamis, 14 ga wata, 8:15 na dare

Na goge gilashin leƙawa da takardar da muke goge na wurin aiki. Na juya shi a mazauninsa. In datti a jikinsa yake, tabon zai juya tare da shi. Bai juya ba. Na sassauta bututun na mirgina shi gaba ɗaya a cikin akwati. Tabon yana sama ta hagu.

Na san wannan gwajin. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata shi. Idan ka juya komai abin bai motsa ba, saura wuri ɗaya.

Madubin wurin aiki ido biyu ake sa masa. Igwa ido ɗaya. Shekara nawa rabon da in kalli wani abu da ido ɗaya?

Na shiga banɗaki na kulle. Na tsaya gaban madubin bango, na rufe idon hagu da tafin hannu. Tabon yana nan, sama ta hagu.

Na buɗe famfo don kada a ji shiru ya yi yawa.

Juma'a, 15 ga wata, 1:00 na rana

Gajiya ce. Mutum ya yi barci sosai ya gani.

Asabar, 16 ga wata, 6:00 na safe

Na yi barci sosai.

Litinin, 18 ga wata, 5:40 na yamma

Dogo ya kira ni wajen madubinsa da safe. "Zo ki ga wannan, kamar an watsa gero." Jinin wata mata ce da aka kwantar jiya, gado na shida, ciki wata biyar, zazzaɓi ya kai ta ga suma. Ƙwayoyin cizon sauro sun cika gilashin, ko ɗalibi ba zai kuskure su ba.

Ya ce, "Abin mamaki, ta zo ranar Alhamis aka ce ba komai, aka ba ta maganin ciwon kai ta koma gida."

Bai duba littafin sakamako ba. Ni na duba bayan ya fita shan shayi. Alhamis, lamba talatin da ɗaya. "Ba a gani ba." Rubutuna ne, da sa hannuna.

Yana faruwa. Kowa a wannan aikin ya san yana faruwa. A ranar farko ƙwayoyin kan yi kaɗan, su ɓuya, kwana uku su cika jini. Na faɗa wa kaina haka a hanya, a mota, a bakin ƙofa. Ido biyu nake sa wa madubin aiki, kuma na hagu lafiyarsa lau. Ina jin lafiyarsa lau.

Gilashi goma sha tara na duba yau. Kowanne sau biyu. Masu jira suka yi ta ƙwanƙwasa taga.

Talata, 19 ga wata, 2:30 na rana

Na je wurin mai wanke kaya na tambayi gilasan ranar Alhamis. Ta nuna min bokitin ruwan magani. Waɗanda aka ce ba komai a kansu kwana biyu ake ajiyewa, sannan a wanke a sake amfani da su. Ni na kawo wannan tsarin shekara takwas da suka wuce, don tattali.

Na tsaya ina kallon bokitin har ta ce, "Anti, lafiya?"

Ba zan taɓa sani ba ke nan.

Na bi ta gaban ɗakin da take. Ban shiga ba. Mijinta yana zaune a benci riƙe da fulas, ɗan siriri, da takalmi ƙafa ɗaya a tsinke.

Alhamis, 21 ga wata, 7:10 na yamma

Kafinta ya shafa wa akwatin Igwa fenti, ya ƙara mata ɗan maratayi na ajiye gilasai, ya sayo leda mai kauri don raɓa. Ya ce, "Yau sama tas take, mu hau?"

Na ce ba ni da lokacin wasan yara. Na ce da ya gama ƙofar mutane da ya fi. Na ce abubuwa da yawa.

Ya tsaya da buroshi a hannu. Ya ce, "To." Ya je ya wanke buroshin ya daɗe yana wankewa.

Na bugi bakin ƙofar kicin da kafaɗa, karo na biyu a wannan makon. Ƙofar ce ƙarama. Tun da muka shigo gidan nan nake cewa ƙarama ce.

Juma'a, 22 ga wata, 4:50 na asuba

Na rufe na dama, na ƙirga sandunan taga. Bakwai. Na rufe na hagu. Ban ƙirga ba.

Asabar, 23 ga wata, 11:00 na safe

Na kai wa Baba shayi. Rediyonsa a kashe, abin da ba ya yi da safe.

"Uwata, rufe ƙofar ki zauna."

Na zauna a bakin gado.

"Kwana goma ke nan ba ki hau sama ba."

"Aiki ne ya yi yawa, Baba."

"Kin daina zuba min shayi daga sama. Da can ina jin ƙararsa yana sauka. Yanzu sai kin jingina bakin buta da kofi." Ya kurɓa. "Kuma a matakala ta ƙarshe ta tsakar gida kina tsayawa. Ƙafarki tana nema."

Na ce takalmin ne sabo.

Ya ajiye kofin a ƙasa daidai inda yake ajiyewa kullum. Ya ce, "Nawa ciwon idon ta gefe ya fara. Na dama. Ina kan keke, mutum zai fito min kamar daga ƙasa ya tsiro. Shekara huɗu ban gaya wa uwarki ba. Na ce gajiya ce, na ce tsufa ne, na ce hayaƙin shago ne. Ranar da kuka kai ni asibiti, kina tsaye a wurin, kin ji abin da likita ya ce."

Na ji. Ya ce da an zo da wuri.

"Ba na jin haushin makanta," in ji Baba. "Abin da Allah ya rubuta ne. Shekara huɗun nan nake jin haushi. Su ni na rubuta su da hannuna."

Ban san lokacin da na sauko ƙasa ba. Na kifa kai a gwiwarsa, ni mai shekara arba'in da tara, mai jikoki biyu. Na gaya masa tabon. Na gaya masa matar gado na shida, da bokitin. Bai ce ba laifina ba ne. Ya dafa kaina kawai, ya bar ni na gama.

Sannan ya ce, "Wa za ki fara gaya wa, mijinki ko shugabarki?"

Na ce ina tsoro.

Ya ce, "Na sani. Wa za ki fara gaya wa?"

Lahadi, 24 ga wata, 3:15 na yamma

Na same shi a rumfarsa yana fere ƙafar kujera. Na faɗa a tsaye, da sauri, kamar mai karanta sakamakon wani.

Ya ajiye kurfi. Ya ce, "Ranar da muka kalli watan nan."

Na ce e.

"Ni kuwa na tsaya ina ta santi, ke kina..." Bai ƙarasa ba. Ya share hannu a riga, ya sake sharewa. Ya ce, "Na ɗauka wani abu na yi miki. Kwana nawa ina lissafin laifina, na samo wajen goma sha biyu."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Ya ture katakai daga benci ya zaunar da ni.

Litinin, 25 ga wata, 6:20 na yamma

An sallami matar gado na shida yau. Ta fita da ƙafarta, mijin yana riƙe da jaka da fulas. Zanin da ta ɗaura ya zagaye ta har ya yi saura.

Na tsaya a taga har suka fita ƙofar asibiti. Daga nan ban koma kujerata ba, na wuce ofishin shugabar sashe.

Na gaya mata duka, har lamba talatin da ɗaya. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce ba wanda zai iya cewa ga abin da ke kan gilashin nan ranar Alhamis, ni ma ba zan iya ba. Ta ce za ta rubuta rahoto yadda na faɗa, ba ƙari ba ragi. Daga gobe ba zan zauna a madubi ba sai likitan ido ya yi magana. Zan koma ɗibar jini da injin ƙirga.

Da na fito na tarar Dogo yana jira a baranda. An riga an kira shi an ce ya karɓi gilasaina. Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Maganar akuyar nan, wasa nake yi."

Na lulluɓe madubina da rigarsa kafin in tashi. Shekara goma sha ɗaya muna tare da wannan. Na san inda maɗaurinsa yake cijewa.

Laraba, 27 ga wata, 9:00 na dare

Gobe. Na goge kayan da zan sa da tsohon dutsen guga, wanda har yau ban canja ba. Na goge na Kafinta. Na goge labulen da ba ya bukatar guga.

Idan likitan ido ya ce duka biyun fa.

Alhamis, 28 ga wata, 5:30 na yamma

Baba ya riga kowa shiryawa. Muka fito muka same shi a bakin ƙofa da hula da sanda. Kafinta ya ce, "Baba, layi ne mai tsawo, ka huta." Ya ce ba tambaya yake yi ba.

A wurin karɓar kati ma'aikaciyar ta dube shi ta ce, "Baba, kawo katinka." Ya ce, "'Yata, ni rakiya na yo. Ga marar lafiyar nan." Duk benci aka yi dariya, har ni.

Sun hura min iska a ido. Sun sa na kafa haɓa a cikin wani farin kwano, in danna maɓalli duk lokacin da ɗigon haske ya ƙyafta. Da na hagu ina ta dannawa. Da na dama sai aka yi dogon shiru, ina jin injin yana aiki, na san yana ƙyaftawa a wani wuri, yatsana yana kan maɓallin ba abin dannawa. Na so in danna na ƙarya. Ban danna ba.

Sun ɗiga min magani mai buɗe ƙwayar ido, likita ya leƙa ciki da fitila. Ya juyo min da takarda mai da'ira biyu. Ta dama kusan rabinta baƙi. Ta hagu fara, sai ɗan toka a gefe kamar an taɓa da yatsa mai gawayi.

Ya faɗi sunan. Sunan da na sani shekara goma sha shida. Ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, yana danne jijiya a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da ya rage ana iya riƙe shi, in na riƙe magani: ɗigo safe da dare, har iyakar rai, da awo duk wata uku. Ya ce in turo yarana da 'yan'uwana duka a auna su. Maganar madubin aiki, sai ya ga awo na gaba.

Ya tambaya yadda aka yi na gane, don yawanci ba a ganewa sai ya ci ido biyu. Na ce wani tsohon bututu na saya. Bai gane ba, ban yi bayani ba.

Baba ya ce daga kujerar baya, "Likita, an zo da wuri?"

Likitan ya dube shi, ya dubi sandar. Ya ce, "Na hagu, an zo da wuri, Baba."

Na ji Baba ya sauke numfashi.

Kafinta ya tafi neman tasi ya bar mu a bakin ƙofa. Ina fitowa rana ta buge ni. Maganin da suka ɗiga ya bar idona a wangale, duniya ta zama fari fat, ba mota, ba mutum, ba ƙasa. Na san akwai matakala a gabana, ban san inda ta fara ba. Na ƙame. Na ce, "Baba, ba na gani. Baba, ba na ganin komai."

"Maganin ne, an gaya miki zai sake ki da yamma. Rufe idon gaba ɗaya, yana ruɗa ki. Kama gwiwar hannuna."

Na kama. Na ji sandarsa tana ƙwanƙwasa siminti, ta sami baki.

"Guda biyar ne, na ƙirga da muka hau. Kada ki yi sauri. Bari dunduniyarki ta shafi bakin kafin ki sauka. Ɗaya."

Muka sauko. Mutane suna ratsa mu ta ko'ina. Wata mata na ji tana cewa, "Allah sarki, ta kawo babanta."

Asabar, 30 ga wata, 7:00 na safe

Maganin yana da zafi, kuma ina kuskuren ido in zuba a kumatu. Kafinta ya karɓi aikin.

Na kira yara, na kira Yaya. Yaya ta ce ita idonta garau, har zare take sa wa allura. Na ce ta rufe ɗaya ta gaya min. Can ta ce ran Talata za ta je.

Talata, 3 ga sabon wata, 2:00 na rana

Jini ashirin da shida na ɗiba, ban kuskure jijiya ko ɗaya ba. Duk mai ciki da ta miƙo min hannu sai na tuna matar gado na shida.

Juma'a, 6 ga wata, 8:40 na dare

Mun hau. Ni na ce mu hau.

Kafinta ya ɗaure akwatin da ƙusoshi a kan wani dandamali da ya yi kusa da tanki, don kada mu riƙa hawa da sauka da shi. Madubai biyun sun ɗan goce, na daidaita su da murfin kwalbata. Da na hagu. Wuyana bai saba ba, sai na zagaya ta ɗaya gefen bututun.

Akwai wani tauraro mai haske da ke fitowa ta saman benen eriya da zarar rana ta faɗi. Na duba a waya, Mushtari ne, kuma an ce ko da ƙaramin madubi ana ganin watanninsa huɗu a jere. Na daɗe ina nema, ya shigo ya fice sau biyu, sannan na kama shi. Ɗan ƙwallo mai ɗamara biyu a ciki. Ɗigo a gefensa, ƙanana, masu kaifi kamar kan allura.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Na sake ƙirgawa. Na motsa ido sama, ƙasa, gefe. Na goge gilashin. Uku. Hannuna ya bugi bututun, komai ya watse. Kwana takwas kacal da likita ya ce fara ce, ɗan toka ne kawai a gefe.

Na ce, "Baban yara, zo." "Kada ka tambaye ni komai. Ka duba, ka ƙirga ƙananan da ke gefensa, ka gaya min gaskiya."

Ya sunkuya. Ya saita da yatsa. Ni kuma ina riƙe da ƙarfen tanki.

"Biyu a dama, ɗaya a hagu."

"Duba da kyau."

"Na duba."

"Huɗu aka ce."

"To ni dai uku aka ba ni."

Na lalubo wayar. Can ƙasan shafin aka rubuta cewa wani lokaci ɗaya yakan shiga bayan tauraron, ya fito bayan 'yan sa'o'i.

Na zauna daɓas a kan siminti. Kafinta ya tsuguna yana tambaya ko kuka nake ko dariya, na ce ban sani ba, ya bar ni. Daga ƙasa Baba ya ɗaga murya yana tambaya me ya faɗi.

Kafinta ya leƙa ta kan katanga ya ce, "Ba komai, Baba. Wata ɗaya ne ya ɓace mana."

"Ku duka biyun?"

"Mu duka biyun."

"To ku sauko, lokacin maganinta ya yi."